Abin da Kika Faɗa a Mataccen Kunnena

Port Aurore, ranar Talata

Zuwa ga Oralie Necaise, a gidan yayarki Celestine da ke Pascagoula.

Ya Oralie, hasken farko da ke taɓa ruwan gaɓarmu da asuba! Ya furen magnoliya mai cika unguwa da ƙamshi ba tare da ya motsa daga reshensa ba, sanyin iskar teku bayan zafin la'asar, yayyafin da ke sauka a kan kwanon shagona ya sa in ajiye sifana in saurara! Ya ma'abociyar tafiyar natsuwa, mai murmushin da ke saukar da zazzaɓi tun kafin a buɗe kwalbar magani! Karɓi gaisuwar mutumin da ya kasa bambance gabas da yamma tun ranar Asabar. Ina fata kin isa lafiya, ina fata Celestine da jaririyarta suna cikin ƙoshin lafiya. Kin taɓa ce min abin da ke kusa kina ganinsa sarai, na nesa ne ke zame miki hazo, don haka ki matso da takardar nan dab da hancinki ki karanta da kanki. Don girman Allah kada ki ba Celestine ta karanta miki, ba ta iya riƙe dariya ba. Tabaraunki yana nan a aljihun rigata, a naɗe cikin hankici.

Ba ni da lafiya, Oralie, ciwon kuwa ba irin wanda kantin maganinku ke da maganinsa ba ne. Jiya na kwance injin jirgin ruwan wani bawan Allah kaf, na baje shi a ƙasa ƙusa-ƙusa, sai da mutumin ya dawo ya riƙe baki ya ce shi fa bel ɗin fanka kawai ya ce in canja masa. Me kika yi min? Ko kuwa ba ki yi min komai ba, ni kaɗai nake kiɗana nake rawata? Bari in faɗa miki abin da ya faru yadda ni na same shi, domin ke kina wurin amma ba ki gani ba, ni kuma na gani amma ban ji ba. Wataƙila in muka haɗa rabinki da rabina mu sami labari guda mai kai da ƙafa.

Kin san wasan saukar amare tun muna yara. Kowace shekara jirgi ya taho ta bayan tsibiri, wai daga Faransa, 'yan matan da Sarki ya aiko wa kakanninmu su sauko ɗaya bayan ɗaya, maza suna jere a kan yashi, kowace ta kama hannun wanda aka rubuta mata ta ce, "Na ɗauki wannan." Shugabar amare ce ke sauka a ƙarshe, ita kuma ta Kwamanda ce, jagoran mazan. Namiji ɗaya ake bari ba mata, ya cire hularsa ya maka da ƙasa, gari ya kwashe da dariya, a harba igwa. Kin kuma san wane ne wannan namijin. Tun ina da gashi a kaina nake maka hular nan da ƙasa. Goggo Eulalie, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe kwamitin biki kamar an haife ta da shi, cewa take yi, "Kai ɗan nan, duk garin nan ba wanda ya iya fuskar wanda aka ƙi kamarka. Baiwa ce, ka gode wa Allah." Ni kuwa in yi dariya in gode. Ban taɓa jin zafin abin ba sai bana, da aka ce ke ce shugabar amare, Kwamanda kuma Wendell Cuevas, likitan haƙori, mai gashi har bisa gira.

Bana kuwa, da yake gari ya cika shekara ɗari uku, kowa ya zauce. Tuta mai furanni a kan kowane turken lantarki, tukwanen miyar gumbo tun daga ƙofar coci har bakin ruwa, 'yan talabijin daga birnin Mobile, ga baƙo na musamman daga Faransa wanda tsofaffinmu suka yi ta yi wa Faransancin kakanni yana gyaɗa kai bai gane ko kalma ba. Goggo ta sa aka ɗinka wa maza duka shuɗɗan riguna iri ɗaya, aka ƙaƙaba mana farin gashin ƙarya iri ɗaya, har ni kaina da na hango jerinmu a gilashin banki na kasa nuna wanne ne ni. Jirgin jatan landen abokina Duc Tran aka lulluɓe da zannuwan gado ya zama jirgin Sarki. Duc ya dubi kansa da gashin ƙarya ya ce, "A Vung Tau, can ƙetaren teku, aka haife ni, a Mississippi na yi furfura, yau kuma an ce ni matuƙin Sarkin Faransa ne. To, in dai gumbo kyauta ne, ko Sarkin ma a ba ni in riƙe."

Kin tuna safiyar? Ina durƙushe a cikin jirgin ina lallashin injin, kika taho cikin doguwar riga mai launin toka da farin kallabi, na ɗago kai na manta sunan abin da ke hannuna. Kai, Oralie! Ko farar balbelar da ke tsayuwa a bakin fadama ba ta kai ki tsayuwa ba! Sai ga Goggo ta tare ki a kan gadar katako, ta nuna fuskarki da yatsa. "'Yar nan, cire wannan. Amaryar Sarki ba ta zo da tabarau mai bakin roba ba." Kika ce, "Goggo Eulalie, in na cire shi ai sai in auri turken lantarki." Ta ce, "Ba ruwana. Wendell zai tsaya jikin gicciyen nan da aka kafa a bakin ruwa, kamar yadda aka yi a gwaji. Ki nufi gicciye, ki sunkuyar da kai, amaryar wancan zamanin ba ta ɗaga ido." Kika cire, kika waiwaya, kika miƙo min shi ina cikin baƙin mai har gwiwar hannu, kika ce, "Riƙe min idanuna, Alcide."

Riƙe min idanuna! Kin san abin da wannan magana ta yi wa ƙirjin mutum? Ko kuwa da Duc ne ya fi kusa, shi za ki miƙa wa, da kalmomin nan dai? Ga tambaya ta farko ke nan da ta hana ni sakat, ba ita ce mafi muni ba kuwa.

Abin da ba ki sani ba shi ne, kuna can bayan tsibiri, Wendell ya lura cewa daga jikin gicciye bayansa kyamara take ɗauka. Ya kama ni ta kafaɗa ya ce, "Fayard, dawo nan, ni zan koma can ƙarshe. Ai kai ko ta ina aka ɗauke ka duk ɗaya ne." Ya dasa ni jikin gicciye, ya tafi ya ba kyamara haƙoransa. Na buɗe baki in ce ai an gaya miki gicciye, sai 'yan badujala suka ɓarke da kiɗa, jirgi ya kunno kai. Amare suka yi ta sauka, kowace ta ɗauki nata. Ni ina tsaye, hannuna ya riga ya kama bakin hula yana jiran lokacinsa.

Sai kika sauko. Kanki a ƙasa, gefen rigarki yana sharar yashi, iska tana wasa da kallabinki, kina tahowa a hankali kamar cikar teku, wadda ba a ganin tafiyarta sai dai a ji ta a ƙafa. Na ce a raina yanzu za ta karkata. Ba ki karkata ba. Na ce yanzu za ta ji warin man dizal ta gane ba turaren Likita ba ne. Ba ki tsaya ba. Kika zo gabana, kika laluba kika kama hannun nan nawa mai kaushi kamar bayan ƙaguwa, kika ɗaga murya yadda har na bayan taro suka ji, kika ce, "Na ɗauki wannan." Sannan kika yi ɗage, kika kai bakinki kunnena, kika faɗi wani abu.

A kunnen hagu, Oralie! A kunnen hagu, wanda inji ya kashe tun ina saurayi! Na ji ɗumin numfashinki, na ji leɓenki yana motsi, na ji gashin jikina ya miƙe, amma ko harafi ɗaya bai shiga ba. Na dama kuma, mai ɗan sauran amfani, daidai lokacin mai igwa ya cika shi da ƙara. Ni kuwa, da jin igwa, jikina ya yi abin da ya saba: na fizge hula na maka da ƙasa, gashin ƙarya ya bi ta, sanƙona ya fito yana ƙyalli a gaban baƙon Faransa. Mutumin da aka zaɓa yana fushin wanda aka ƙi! Can ƙarshen layi kuma ga Kwamanda a tsaye ba amarya, hularsa daram a ka, Duc yana ƙwala masa kira daga jirgi, "Likita, maka hular mana, yau layinka ne!" An ce min wasu tsofaffi sai da aka ba su ruwa saboda dariya.

To, a nan ne kaina ya ɗaure, ya kuma ƙi kwancewa. Duk garin nan, ke kaɗai ce kika san kunnuwana. Kin tuna bayan guguwar bara, da ruwa ya shiga kantinku har ƙugu, na zo da famfo ina janye muku shi? Kina yi min magana ina ta cewa "Na'am? Na'am?" kamar wawa. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki yi tsaki ba. Kika taka cikin taɓo, kika zagayo ta damana, kika ce a hankali, "Cewa na yi ko ka karya kumallo." Tun daga ranar, duk sanda na shigo sayen maganin kunne, sai kin bar bayan kanta kin zagayo ta dama. Uwata da ta haife ni ma mantawa take yi. Ni kuwa tun daga wannan zagayowar na zama naki, ban dai faɗa ba, don mutumin da gari ya saba yi wa dariya ba ya saurin buɗe baki. To, ke da kika san haka, me ya kai ki kunnen hagu?

Ko dai kin zaci Wendell ne, mai lafiyayyun kunnuwa biyu? In haka ne, ashe maganar tasa ce, ta ɓata hanya ta faɗa rijiyar da ba ruwa, ni kuma na kwana uku ina jin daɗin abin da ba nawa ba. In na tuna wannan sai in ture kwanon abinci gefe. Ko kuwa kin san sarai ni ne, kika zaɓi mataccen kunnen da gangan, don ki faɗi abin da ya cika miki zuciya a wurin da ba za a ji ba? In na tuna wannan kuma sai in ga shagon ya yi min kaɗan, in fita in tsaya a bakin ruwa ina yi wa kwasakwasa murmushi kamar taɓaɓɓe. Da safe ina kan na farko, da hantsi ina kan na biyu, kafin rana ta faɗi na rasa duka biyun. Wace irin azaba ce wannan, ya sanyin idona, a ba mutum kyauta a ƙunshe a kuma hana shi hannun kwancewa?

Na nemi taimako, sai aka ƙara dagula ni. Goggo ta ce, "Kada ka ruɗi kanka, ɗan nan. Gicciye na ce ta nufa, gicciye ta nufa. Da akuya aka ɗaure a wurin, da akuya ta ɗauka." Duc ya ce shi ya ga bakinki daga jirgi, cewa kika yi, "Ina tabarauna?" Ya ga fuskata ta canja, ya ce a'a, da ya sake tunani cewa kika yi, "Kada ka sake ni." Da na matsa masa ya ce, "Mutumina, gaskiya gashin ƙaryar nan ya rufe min ido, ban ga komai ba. Amma na biyun ya fi daɗi, riƙe shi." Har Mobile na tuƙa mota na roƙi 'yan talabijin su nuna min hoton. Suka nuna. Daga farko har ƙarshe haƙoran Wendell ne, sai can a gefe wani abu mai ƙyalli da suka ce kaina ne.

Amma ki ba ni amsar wannan. Daga bakin ruwa har ƙofar coci, duk tsawon jerin gwanon nan, ba ki saki hannuna ba. Hannun Likita laushi gare shi kamar burodi, nawa kuwa ko makaho ya taɓa ya san na bakanike ne. Kin ji dariyar mutane, kin ji Duc yana kiran Likita daga nesa, amma yatsunki ba su yi sako-sako ba, har ina jin kamar sun ƙara matsewa da muka wuce ƙarƙashin manyan itatuwan nan na titin coci. Ko ni ne na matse, na ɗora miki? A ƙofar coci kika ɗago kai, kika dube ni daga kusa, inda kike gani sarai, ba ki firgita ba, ba ki ja da baya ba. Kika zagayo ta damana kika ce, "Na gode, Alcide." Sai mata suka yanyame ki suka tafi da ke. Godiyar me? Ta riƙe tabarau, wanda ba ki ko tambaya ba? Ta rufa miki asiri a gaban taro? Ko ta wani abin da ban isa in faɗa da bakina ba? Washegari kuma aka ce Celestine ta haihu kin tafi. Na san haihuwa ba ta shawara da kowa, amma ko wannan sai da na zauna ina tuhumarsa.

Ɗazu Wendell ya leƙo shagona, yana taka ƙasa a hankali don kada takalminsa ya ɓaci. Ya ce, "Ba komai, Fayard, ban riƙe ka ba. Yarinyar ba ta gani ne ranar. Asabar mai zuwa za a gyara." Kin san abin da yake nufi: rawar rufe biki, wadda shugabar amare ke buɗewa da mijin da ta ɗauka. Goggo ta yanke hukunci cewa da Kwamanda za ki buɗe, kamar yadda aka saba tun kafin a haife mu, sai fa in ke da bakinki kika ce ba haka ba. Na ce masa to. Na so in faɗi magana mai nauyi, irin wadda zai tafi da ita gida, amma abin da ya fito shi ne to. Bayan ya fita na zauna a kan bokiti na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da guguwa ta ɗauke rufin gidana. Rawar ba ta dame ni ba, ni da rawa sai dai in taka ƙafar mutane. Abin da nake tsoro shi ne in gan ki da idanunki a fuska, kina gani tar, kina miƙa wa wani hannun nan.

Zan iya sa tabaraun nan a kwali in aiko miki tare da takardar nan, na kuma san haka mutumin kirki zai yi. Ba zan aiko ba. Ki yafe min. Ga roƙona, ya farin watan da ke jan teku ba da igiya ba, ya inuwar da nake nema tun ban san ina cikin rana ba: ranar Asabar, kafin a fara kiɗa, ki zo bakin ruwa inda gicciyen yake, ba a cire shi ba tukuna. Zan tsaya a wurin ba shuɗiyar riga, ba gashin ƙarya, da sanƙona da tabon mai a farcena, yadda Allah ya yi ni. In ba ki tabaraunki, ki sa, ki dube ni daga sama har ƙasa, ki ɗauki duk lokacin da kike so. Sannan ki zagayo ta damana, ki maimaita abin da kika faɗa. In "Ina tabarauna" ne, ki faɗe shi haka, na rantse ba zan yi miki fuskar wasan nan ba, zan raka ki har ƙofar ɗakin rawa in koma shagona.

Amma in ma kuskure ne, Oralie, kada ki yi saurin gyara shi. Su kakannin nan da muke harba wa igwa, ai bakin babban kogi suka fito nema, hazo ya rufe su suka sauka a nan. Da gari ya waye suka ga ba nan ba ne. Suka dubi ruwan, suka dubi itatuwan, suka ce bari dai mu kwana biyu mu gani. Ga mu nan har yau, muna ɗinka riguna muna murnar ɓatan hanyarsu. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, ki kwana biyu ki gani.

Ko me kika faɗa, ko ga wa kika yi niyyar faɗarsa, ni a nan za ki same ni, bana da baɗi da bayan baɗi, har ranar da teku za ta manta hanyar gaɓa. In kin zo, naki ne ni. In ba ki zo ba, naki ne ni, sai dai ba za ki sani ba sai kin tambaya.

Naki da kunne ɗaya da zuciya sukutum,

Alcide Fayard,
wanda har yanzu bai san ko an ɗauke shi ba, amma shi ya riga ya ɗauka.